Ɗan bes na uku ya karya ƙashin hamet: in riƙe shi a fantasi ko in sake shi?

Abban Nana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san raunukan 'yan besbol da kuma masu lissafin fantasi, wato wasan da mutum ke haɗa ƙungiyarsa da sunayen 'yan wasa na gaske, ana ba shi maki bisa abin da suka yi a fili. Ɗan wasan da ke riƙe min bes na uku (ɗaya daga cikin wuraren tsaro na cikin fili) ya karya ƙashin hamet na hannun hagu, an yi masa aiki, kulob ɗinsa kuma ya ce sati shida zuwa takwas. Ba zan kama sunansa ba, don akwai 'yan lig ɗinmu da ke leƙowa nan. Da dama yake bugu, da dama yake jifa, kuma saboda ƙarfin gorarsa na ɗauke shi. Hasashen farkon kaka ya ba shi homron (bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katangar fili) 28 a wasa 150, satar bes kuwa ba ta wuce biyar ba.

Lig ɗin na ƙungiya 12 ne a Yahoo, roto (tsarin da ake tara lambobin kaka duka, a jera ƙungiyoyi a kowane rukuni) mai rukuni biyar na masu bugu da biyar na masu jifa, ana canza jeri kullum. Gurbin IL, wato na ajiye masu rauni, biyu ne kuma duk a cike suke, benci biyar. Yanzu muna tsakiyar Mayu.

Abin da nake son sani: shin da gaske ne duk wanda aka cire wa wannan ƙashi ƙarfinsa ba ya dawowa sai kaka mai zuwa? Sati shida zuwa takwas ɗin nan abin dogaro ne? Kuma akwai wanda ya yi min tayin musaya da wani ɗan bes na uku mai lafiya wanda ba zai wuce homron 15 a kaka ba. In karɓa?

Maman Hafsat

Wa alaikumus salam, Abban Nana. Bari in ɗauki ɓangaren jiki, masu lissafi su zo su ɗora.

Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa takwas a jere biyu. Hamet yana jere na biyu, ta gefen ƙaramin yatsa. Abin da ke karyewa ba ƙashin duka ba ne, wata 'yar ƙugiya ce da ta fito daga jikinsa ta fuskanci tafin hannu. Buɗe tafinka na hagu, ka sa babban yatsan dama a kan tudun naman da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, kusa da layin wuyan hannu, ka ɗan matsa ciki wajen tsakiya ka danna da ƙarfi. Wannan abu mai tauri da ka ji can ƙasa, ita ce. Yanzu ka riƙe kowace sanda da hannu biyu yadda mai bugu da dama ke riƙe gora, hagu a ƙasa. Za ka ga dunƙulen gindin gorar a daidai kanta yake zama. Shi ya sa kusan kullum hannun ƙasa ne ke karyewa: hagu ga mai bugu da dama, dama ga mai bugu da hagu. Sau da yawa ma ƙugiyar ta daɗe tana tsagewa a hankali saboda dubban bugu, sai wata rana ƙwallo ta goga a gefen gora, ko ya yi yunƙurin tsayar da bugu a tsakiya, ta ƙarasa ɓallewa.

Dalilin da ya sa ake cire ta maimakon a ɗora ta guda biyu ne. Jini ba ya isa ƙugiyar sosai, don haka ko an ɗaure hannun sati da sati tana iya ƙin haɗewa. Sannan jijiyoyin tsoka masu lanƙwasa ƙaramin yatsa da na kusa da shi a jikinta suke zagayawa, kamar igiya a bakin rijiya. Duk damƙar da mutum ya yi sai sun ja ta, ba ta samun hutu. In aka bar guntun a ciki bai haɗe ba, kaifinsa yana iya cin jijiyoyin har ɗaya ta tsinke, wanda ya fi karayar muni nesa ba kusa ba. To likita sai ya yi 'yar tsaga a tafin, ya kare jijiyar ji da ake kira alna wadda ke bi ta gefen ƙugiyar, ya zare guntun, ya goge kaifin da ya rage, ya ɗinke.

Abin da ya kamata ka fahimta a nan shi ne, bayan wannan aiki babu ƙashin da ake jira ya haɗe. Fata ce da nama ke warkewa. Shi ya sa lokacin yake da gajarta idan aka kwatanta da karayar wuyan hannu ta gaske. Tsarin da aka saba bi kuwa haka yake:

Kwana goma zuwa sha huɗu na farko hannu yana ɗaure, yana motsa yatsu kawai, har a cire zare. Ƙafafunsa lafiya lau suke, yana keke yana motsa jiki, don haka numfashinsa ba ya lalacewa. Daga nan sai tausar tabo da matse roba don dawo da damƙa. Ana auna damƙar da wata na'ura da ake matsewa a tafi, a kwatanta da ɗaya hannun, kuma ba a sakar masa gora sai ta kusa kamo lafiyayyen. Wajen sati na uku zuwa na huɗu yake fara kaɗa gora a iska babu ƙwallo, sai ƙwallo a kan turke, sai wadda ake miƙo masa a hankali daga kusa, sai jifan koci a keji, sai injin da ke harbo ta da gudu irin na wasa, sai mai jifa na gaske. Kowane mataki yana cin kwana biyu zuwa huɗu, kuma ba a wucewa gaba sai an ga yadda hannun ya kwana. Zafin da ake ji lokacin bugu ba shi ne ma'auni ba, kumburin washegari ne.

Inda abu ke lalacewa, wuri uku ne. Na farko tabo. Tsagar tana nan daidai inda gindin gora zai koma ya zauna, kuma tana iya yin tsami na makonni. Mai bugun da tafinsa ke masa zafi yakan sassauta yatsu biyun ƙasa ba da saninsa ba, ko ya saki hannun da wuri. Ana rage wannan da matashin roba a cikin safar bugu, da naɗa tef a gindin gora, wasu kuma su koma gora mai ƙota irin ta gatari wadda ba ta da dunƙulen da ke soka tafi. Na biyu jijiyar alna. Ko ba a yanke ta ba, taɓa ta da ja ta gefe lokacin aiki kan sa yatsu biyun su yi sanyi ko su riƙa tsira-tsira, damƙa ta yi rauni. Yawanci yana wucewa, amma jijiyar ji ba ta bin kalanda, kuma galibin waɗanda suka wuce sati takwas a nan ko a tabon suka maƙale. Na uku gaggawa. Sauri ya haifi nawa: ya tsallake mataki, hannu ya kumbura, a ajiye gora sati guda, a sake daga turke.

Akwai wani abu kuma da ya shafi naka musamman. Tunda da dama yake jifa, hannun da aka yi wa aikin shi ne na safar kamu. A bes na uku ƙwallo tana zuwa da mugun gudu, ga faɗuwa da tafi a ƙasa idan ya yi tsalle ya miƙe don tare ta. Wannan ba ya cika hana dawowa, amma yana ƙara wa tabon duka a kowace rana, kuma shi ya sa za ka ga ana ba shi hutu akai-akai a sati biyun farko.

Game da sati shida zuwa takwas, abin dogaro ne gwargwado. Ka ɗauka bakwai, kuma ka fara ƙirga daga ranar aiki, ba ranar rauni ba.

Na-Lissafi

Hajiya ta gama da jiki, Allah ya ƙara sani. Malam Abban Nana, maganar cewa ƙarfi ba ya dawowa sai wata kaka, ana yawan faɗinta a dandalin fantasi kamar doka, amma 'yan cikin fili da aka fi sani da wannan rauni ba su goyi bayanta ba.

Matt Olson, ɗan bes na ɗaya na Oakland a lokacin, ya karya hamet na dama a Tokiyo a watan Maris na 2019, a wasannin buɗe kaka da Seattle. Da hagu yake bugu, ka ga hannun ƙasa ke nan kamar yadda Hajiya ta ce. Ya dawo 7 ga Mayu, ya buga homron 36 a wasa 127. A 2018 da ya buga wasa 162 cif, 29 ya samu. Sai dai a yi adalci, 2019 ce shekarar da MLB, babbar lig ɗin besbol ta Amurka, gaba ɗaya ta buga homron 6,776, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, don haka kowa ma lambarsa ta kumbura. Duk da haka wanda ƙarfinsa ya tafi ba ya buga 36.

José Ramírez na Cleveland, shi ma ɗan bes na uku kamar naka, ya karya nasa 24 ga Agusta 2019. Wata ɗaya cur ya yi, ya dawo 24 ga Satumba a gidan Chicago White Sox. Tsayuwarsa ta farko ya buga homron da bes uku a cike, ya ƙara wani mai maki uku, RBI (makin da bugunsa ya shigar) bakwai a dare ɗaya.

Wanda ya fi koyar da mu shi ne Pablo Sandoval, ɗan wasan San Francisco a lokacin, domin sau biyu abin ya same shi, kuma yana bugu ta ɓangare biyu. A 2011 hamet na dama ne. Ya dawo a watan Yuni ya gama kaka da .315 da homron 23 a wasa 117. A 2012 na hagu ya karye, ya sake dawowa a Yuni, sai ya tsaya a homron 12 a wasa 108. Mutum ɗaya, aiki iri ɗaya, sakamako daban. Kuma a Oktoban wannan shekarar da ƙarfin ya yi ƙasa ne ya buga homron uku a wasan farko na World Series, wato wasannin cin kofin MLB, biyu a hannun mai jifa Justin Verlander. Abin da na ɗauka daga nan shi ne ƙarfin yana iya jinkiri na makonni ko 'yan watanni, amma ba gushewa yake ba.

Yanzu lissafi, da lambobin da ka bayar. Homron 28 a wasa 150 ya kama kusan 0.187 a kowane wasa. Kulob yana buga kusan wasa shida a sati. A tsakiyar Mayu ya buga wajen 45. Sati bakwai zai ci wasa 42, ka ga zai dawo farkon Yuli da saura wasa 75. Cire masa bakwai na hutu, saura 68. A wasa 25 na farko ka rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfi don ka kare kanka: homron uku da rabi maimakon kusan biyar. Sauran wasa 43 a cikakken ƙarfi, takwas. Jimla sha ɗaya zuwa sha biyu.

Wanda aka yi maka tayinsa, mai 15 a wasa 150, yana ba da 0.1 a kowane wasa. A wannan wasa 68 ɗin bakwai zai ba ka. Tazarar wajen homron biyar ce, sannan RBI da maki suna bin ta, musamman idan naka a tsakiyar jerin bugu yake tsayawa shi kuma wancan a na bakwai ko na takwas.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ce, ai mai lafiyar zai yi min aiki wasa 42 da naka yake kwance. Gaskiya ne, amma gurbin bes na uku ba zai zauna fanko ba ko ka ƙi tayin. A lig mai ƙungiya 12, ɗan bes na uku mai homron 13 zuwa 15 yana nan zube a kasuwar waɗanda ba su da mai su. Wato mutumin nan yana so ya sayar maka da abin da za ka iya ɗauka kyauta, ya karɓi wanda ya fi shi. Kada ka karɓa. Abin da riƙon zai ci maka na gaske shi ne gurbin benci ɗaya na sati bakwai, ba wani abu ba.

Baba Roto

Na-Lissafi, ƙanena, na yarda a ƙi wannan tayin, amma ka jero waɗanda suka yi kyau ka bar sauran. Giancarlo Stanton, lokacin yana Miami, ya karya nasa 26 ga Yuni 2015 yana da homron 27 a wasa 74. Aka ce sati huɗu zuwa shida. Bai sake buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Mike Trout na Angels ya karya nasa farkon Yuli 2023, ya dawo 22 ga Agusta, ya buga wasa ɗaya tak, zafi ya mayar da shi IL, kaka ta ƙare masa. Na san 'yan bayan fili ne, amma tafin hannu bai san inda mutum ke tsayuwa ba.

Kuma akwai abin da ya raba waɗannan da Ramírez bayan ciwo. Cleveland a Satumbar 2019 tana neman gurbin shiga wasannin ƙarshe ido rufe, ta ci wasa 93 ma ba ta samu ba, dole ya ciji haƙori ya dawo cikin wata ɗaya. Miami ta 2015 da Angels ta 2023 kuwa sun riga sun fita daga lissafi, babu dalilin tura babban ɗan wasa mai doguwar kwantiragi ya buga da zafi. Don haka Abban Nana, ka dubi teburi. Raunin Mayu ya fi na Yuli sauƙi ta wannan fuska, domin ko an samu koma-baya na sati uku akwai sauran kaka mai yawa. Amma in kulob ɗinsa na ƙasa ne, ka sa ran za su bi a hankali, wataƙila ma su ce ya jira hutun All-Star na tsakiyar Yuli tunda ya kusa. Wannan kaɗai zai mayar da wasa 68 ɗin ƙanena zuwa 58.

Sannan gurbin benci ba ƙaramin abu ba ne a lig da ake canza jeri kullum. Benci biyar gare ka. Wanda ke zaune a kai yana shiga ranar Litinin da Alhamis da kulob da yawa ke hutu, ko ya zama mai jifa da kake juyawa don tara nasara da fitar da masu bugu. Sati bakwai babu wannan, asara ce da ake gani a roto. Hanyar da ta fi ita ce ka dubi mutum biyun da ke IL ɗinka da idon basira. Wa ya fi nisan dawowa, wa ya fi ƙarancin amfani in ya dawo? In akwai mai jifa da ke fama da gwiwar hannu ko kafaɗa, ba a ma sa masa ranar fara jifa ba, shi ne abin saki, ba mai hamet ba. Mai jifa bayan ya warke sai an sake gina masa yawan jifa daga tushe, shi ya sa doka ta ba shi har kwana 30 na wasannin gwaji a ƙananan lig, mai bugu kuwa 20.

Ga dokokin da za su taimake ka ka karanta labari daidai. Mai bugu yana shiga IL na kwana 10, kuma ana iya mayar da ranar farawa baya har kwana uku. In ka ji an mayar da shi IL na kwana 60 kada gabanka ya faɗi nan take. Ba a sake ƙirga daga farko, daga ranar da ya fara shiga ake lissafi, kuma sau da yawa kulob yana yin haka ne don ya buɗe gurbi a jerin mutum 40. Amma ga mai hamet yana da ma'ana, domin kwana 60 ya haura sati takwas. In suka yi haka, sun faɗa maka da bakinsu cewa ba sa tsammaninsa a sati na shida ko na bakwai.

Da a ce irin gasar fantasi ta NFBC ce, inda babu gurbin IL kwata-kwata, benci bakwai ne kuma ba a musaya, da maganar ta fi tsauri. Can ma mai homron 28 ana riƙe shi a raunin Mayu, amma mai 18 sai a sake shi a sake nemansa da kuɗin FAAB (kasafin da ake tayin 'yan wasan da ba su da mai su da shi) sati biyu kafin ya dawo. Da kuma lig na gaba-da-gaba ne da ake wasannin ƙarshe a Satumba, da ni ne zan ce ka je ka sayi irinsa a hannun wanda ya gaji, domin zuwa lokacin ya yi wata biyu da dawowa, tabo ya mutu.

Abban Nana

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tayin na ƙi shi. Ɗaya daga cikin na IL ɗin mai jifa ne da kafaɗa, kuma har yanzu bai fara jifa ba, don haka na gane inda Baba ya dosa. Saura abu ɗaya: in ya fara wasannin gwaji, me zan duba don in san ko in sa shi a jeri ranar da ya dawo ko in ɗan jira?

Maman Hafsat

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kada ka damu da ko ya samu bugu nawa a wasannin gwaji, ka dubi yadda aka jera su. Tsarin lafiya shi ne ya fara da zagaye biyar a fili, ya huta, ya yi bakwai, sannan tara, sannan tara kwana biyu a jere. Wannan kwana biyu a jeren shi ne jarrabawar gaske. In ka ga ya buga ranar Talata, aka cire sunansa Laraba da Alhamis ba tare da an sanar tun farko ba, hannun ya kumbura ne. In kuma ka ga ana ta sa shi a matsayin mai bugu kawai ba ya tsaron bes, to safar kamu ce ke damun tabon.

In akwai bidiyo, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka jira bugun da ya kuskure, ko wanda ƙwallo ta same shi can kusa da hannu ko a ƙarshen gora, domin nan ne girgiza ke sauka a tafi. Ka duba ko ya saki gorar da hagu yana yarfa hannu, ko ya fita daga akwati yana buɗe yatsu yana rufewa, ko yana gyara safa fiye da yadda ya saba. Kyakkyawan bugu a tsakiyar gora ba ya yi wa kowa zafi, don haka homron ɗaya a wasan gwaji bai ce maka komai ba game da tabo.

Satar bes ba ta shafe ka sosai ba tunda biyar ce, amma ga mai irin wannan tambaya da ɗan wasansa mai gudu ne: ƙafa ba ta taɓu ba, gudun yana nan. Abin da kan rage shi ne zamiya da hannu gaba. Za a sa masa safar zamiya mai tauri, wasu kuma koci ya hana su sata na ɗan lokaci. Wannan ya bambanta da raunin tsokar bayan cinya, wanda ke cin gudun kansa kuma yake yawan dawowa.

Na-Lissafi

Baba ya yi gaskiya kan Stanton da Trout, na karɓa. A ƙara wa lissafin nan cewa akwai yiwuwar koma-baya, amma ko da wasa 58 ne naka yana gaban wancan.

Ga lambobin da za ka bi. Filayen Triple-A, matakin ƙananan lig da ke ƙasa da MLB, suna da Statcast, na'urorin da ke auna gudun ƙwallo da motsin 'yan wasa, don haka in a can ya yi gwajin, shafin Baseball Savant zai nuna maka gudun da ƙwallo ke fita daga gorarsa. Kada ka dubi matsakaici, domin ƙwallo goma ko sha biyu ba sa ba da matsakaicin kirki. Ka dubi mafi girma. Ka nemo mafi ƙarfin bugunsa na bara da na bana kafin rauni. In mutumin da ke kai mil 112 a awa ya taɓa 108 ko 109 ko sau ɗaya a gwaji, damƙar ta dawo, domin ba a buga wannan da sassautaccen hannu. In ya yi sati yana bugu bai wuce 101 ba, akwai sauran aiki.

Bayan ya dawo MLB kana da abin da ya fi wannan saurin magana, wato gudun gorar kanta, wanda Statcast ya fara fitarwa a 2024. Matsakaicin lig yana wajen mil 71 zuwa 72 a awa, kuma daga 75 ake kiran kaɗawa mai sauri. Amfaninsa shi ne kusan kowace kaɗawa tana shiga lissafi, ko ya samu ƙwallo ko bai samu ba, don haka cikin wasa biyar ko shida ka tara abin dubawa. Ka kwatanta shi da kansa na watan Afrilu. In tazarar ba ta kai mil ɗaya ba, ka sa shi ka manta. In ta kai biyu ko fiye, yana kare hannun ne, kuma za ka ga alamar a wani wuri: ƙwallayen da ya saba ja ta hagu a sama sun koma tafiya tsakiya da dama, suna mutuwa a hannun 'yan bayan fili. Sai ka haɗa da kason bugunsa da ke kai mil 95, wanda shi ake kira bugu mai ƙarfi.

Abin da zai ruɗe ka shi ne matsakaicin bugu da yawan homron na sati biyun farko. Binciken Russell Carleton da shafin FanGraphs ke amfani da shi ya nuna yawan fitar da mai bugu da kuskure uku (strikeout) yana fara zama abin dogaro wajen tsayuwa 60, yawan homron wajen 170, matsakaicin bugu kuwa sai ya haura 900. Mutum zai iya dawowa ya samu biyu cikin 25 alhali gorarsa lafiya lau, lokacin jifa ne kawai bai kama ba bayan sati bakwai bai ga jifa mai gudun mil 97 ba. A wannan satin ne za a sake kawo maka tayi mai arha.

Game da ranar farko, a roto ni ina ganin ka sa shi, sai dai in gudun gwajin ya yi ƙasa sosai kuma wanda ke riƙe maka gurbin yana cikin zafi. Amma kada ka saki na riƙon ƙwaryar nan da nan, ka bar shi a benci kwana goma saboda ranakun hutun da Hajiya ta ambata. Kuma ka tuna a Yahoo, da zarar kulob ya cire shi daga IL alamar ta sauka daga sunansa, ba za ka iya ɗauko sabon ɗan wasa ba sai ka fitar da shi daga gurbin IL ɗin. In akwai wanda kake so a kasuwa a wannan satin, ka ɗauke shi tun kafin sanarwar ta fito, ka kuma riga ka san wanda zai bar bencin ranar.